Tsokanar Abokin Adawa a Ƙwallo: A Gidan Kallo, a Teburin Mai Shayi, a Waya, ko da Zagayen Gari?

A mafi yawan garuruwan karkarar Kano da Jigawa da wuya a rasa rumfar kwano ko ta zana wadda aka jera wa benci, aka kafa mata faranti a kan rufi, aka kuma jingine allo a bakin ƙofa ana rubuta wasannin ranar da alli. Matasan da ke cika waɗannan rumfuna sun rarrabu tsakanin Arsenal da Manchester United da Chelsea da Liverpool a Ingila, da kuma Real Madrid da Barcelona a Sifaniya, in an dawo gida kuwa mafi yawansu 'yan Sai Masu Gida ne, wato Kano Pillars. Duk wanda ya zauna da su ya san cewa kallon wasan rabin daɗin ne kawai, ragowar yana cikin tsokanar da ke biyo bayan tashi. Wannan rubutu domin mutumin da ƙungiyarsa ta yi nasara ne, yana da aboki ko yaya ko maƙwabci a ɓangaren da aka lallasa, yana son ya ɗan taɓa shi, amma ya rasa hanyar da zai bi ba tare da ya ɓata zumunci ba.

Tambayar tana da nauyi a ƙauye fiye da birni. Wanda za ka tsokana yau shi ne za ku haɗa sahu da asuba, wajensa za ka je aron injin ban-ruwa ko shanun huɗa, wataƙila ma ƙanwarsa kake nema da aure. Ba ka da inda za ka ɓace masa, shi ma ba shi da inda zai ɓace maka.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne kuɗi, wato abin da zai fita daga aljihunka. Na biyu shi ne ɗorewa, kuma a nan sai an lura, domin a sayen kaya ana son abin da zai daɗe, amma a tsokana abin da ya daɗe yakan rikiɗe ya zama gori, saboda haka abin tambaya shi ne ko dariyar ce za ta ɗore ko kuwa jin zafin. Na uku shi ne sauƙi. Na huɗu shi ne haɗari, na jiki da na mutunci da na addini. Na biyar, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne ko wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. Wasannin barkwancin da muka gada, irin na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, da na taubasai, da na kaka da jika, duk a kan wannan ƙa'ida suke tsaye: kowa yana da bakin magana, kowa ya san iyakarsa, kuma ba a tashi sai an yi dariya tare. Tsokanar ƙwallon da ta toshe wa ɗaya ɓangaren baki ta fita daga wasa, ta koma izgili, wanda aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana, tare da jifan juna da miyagun laƙabobi.

Tsokanar baki a gidan kallo

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma kuɗinta bai wuce na shiga ba, ko da yake na shigar ma ya ɗaga tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ya sa masu janareta suka ƙara farashi, wasu kuma suka koma sola. Ba ta buƙatar shiri. Ƙwallo ta faɗa raga, benci ya girgiza, ka juya ka kira sunan abokinka. Idan ka hango shi yana sulalewa zai fita kafin a tashi, ka ce masa, "Malam, ina za ka, ai da sauran minti goma," jama'a su kwashe da dariya, shi ma ya dawo ya zauna yana murmushin yaƙe. Ɗorewarta kaɗan ce, domin da an kashe janareta yawanci ta mutu, kuma wannan alheri ne a gare ta.

Matsalarta tana cikin lokacinta. A wannan sa'ar jini yana tafasa, rumfar tana da duhu da cunkoso, kuma ba kowa ka sani ba, musamman a manyan wasannin Zakarun Turai da ake farawa ƙarfe takwas ko tara na dare, lokacin da samari ke zuwa daga ƙauyukan kewaye a kan babura. Maganar da amininka zai yi wa dariya, baƙon da ke bayansa zai iya ɗaukarta cin fuska. Akwai kuma wanda ya sa kuɗinsa a cacar ƙwallo ta waya, wanda ba wasa kawai aka cinye shi ba, har da kuɗin cefanen gobe, kuma ba za ka gane shi a fuska ba. A 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, wani direba a Jihar Ribas ya afka wa masu murna da mota, mutum huɗu suka rasu. Wannan ya isa ya nuna cewa zafin kaye ba abin rainawa ba ne.

Wanda ya zaɓi wannan hanya ya tsaya a kan ƙungiya da koci da 'yan wasa, kada ya taɓa mutum ko iyayensa ko sana'arsa, kada kuma ya haska wa wani fitilar waya a fuska don jama'a su ga halin da yake ciki. Sannan ya jira busar ƙarshe. A watan Oktoban 1999 Chelsea tana gaba da ci 2 da nema a gidanta, sai Nwankwo Kanu ya zura wa Arsenal ƙwallo uku shi kaɗai a mintuna goma sha biyar na ƙarshe. A 2019 Barcelona ta ci Liverpool 3 da nema a gida, ta je Anfield aka zura mata 4. Duk wanda ya buɗe baki da wuri a irin waɗannan ranaku, shi ne aka kwana ana yi wa dariya.

Jajen safe a teburin mai shayi

Wannan ita ce hanyar da na fi so, kuma ita nake ba mafi yawan mutane shawarar su bi. Ana barin dare ya wuce, mutum ya yi barci, ya yi sallah, zuciya ta sauka. Da hantsi sai ka same shi a teburin mai shayi ko a majalisa, ka cire takalmi kamar mai shiga wurin manya, ka ɗan rusuna ka ce, "Yaya, barka da asuba, ya muka ji da abin da ya faru jiya? Na ji an yi muku ɓarna, shi ne na ce bari in zo jaje." Kafin ya amsa sai ka juya ka ce wa mai shayi ya haɗa masa kauri da burodi, a rubuta a lissafinka, domin ka san bai runtsa ba. Shi kuma yana juya cokali a kofi zai ɗago ya ce, "Kai yaro, kana ina ranar da muka zura muku takwas?" Yana nufin ci 8 da 2 da Manchester United ta yi wa Arsenal a Old Trafford a watan Agustan 2011. Kai ma ka tuna masa 7 da nema da Liverpool ta yi musu a watan Maris na 2023, da matsayi na 15 da suka ƙare a Firimiya a 2025. Ya ce ai ku ma shekara uku a jere, daga 2023 zuwa 2025, kuka yi ta zuwa na biyu kuna raka wasu ɗaukar kofi. A haka har shayi ya ƙare, kowa ya saɓi fartanyarsa ya nufi gona.

Kuɗin wannan hanya shi ne na kofin shayi da burodi, in ka so ka ƙara da ƙwai, kuma a aljihun abokin wasanka alherin ya faɗa, ba a na wani kamfani ba. Ɗorewarta tana da kyau, domin abin da ake tunawa shi ne zaman da aka yi da amsoshin da aka bayar, har a riƙa maimaita su a majalisa bayan watanni. Damar ramawa a buɗe take gaba ɗaya, kuma fuskarka da muryarka suna nan suna shaida masa cewa wasa kake yi. Ta wajen sauƙi ne kawai take neman wani abu daga gare ka: sai ka san tarihi, sai kuma ka iya jure amsa. Wanda zai tsokani ɗan Real Madrid da ci 4 da nema da Barcelona ta yi musu a Bernabeu a watan Oktoban 2024, ko 5 da nema na 2010, ya shirya jin cewa Madrid ta ɗauki kofin Zakarun Turai na 15 a 2024, alhali Barcelona tana da 5 a lokacin. Idan ba ka da haƙurin sauraron wannan, gara kada ka fara.

Haɗarinta guda ɗaya ne, kuma ina roƙon matasa su kula da shi. A tsaya a kan kalmar jaje, kada a ari lafuzzan ta'aziyya da addu'o'in da ake yi wa mamaci, kada kuma a kwaikwayi ɗaukar makara ko a naɗe rigar ƙungiya kamar likkafani. A ƙauye kusan ko da yaushe akwai gidan da ake zaman makoki ko aka tashi kwanan nan, kuma dattijon da ke gefen tebur yana jin abin da ake faɗa.

Tsokana ta waya

Sitika da hoto da saƙon murya a WhatsApp ko Facebook suna kama da mafi arha, tun da ba su wuce ɗan kuɗin data da na caji a shagon mai caji ba, ko da yake data ma ta ƙara tsada bayan ƙarin kuɗin kira da na intanet da aka amince da shi a farkon 2025. Suna da wata fa'ida da babu mai ja da ita: su kaɗai ne ke isa ga abokin da ya tafi cirani Legas ko Abuja ko Fatakwal. Saƙon murya daga gida, da muryar abokin ƙuruciya yana yi masa jaje cikin raha, yana rage wa ɗan cirani kewa, ko da ƙungiyarsa aka casa.

Amma ta wajen ɗorewa da haɗari, wannan ita ce hanyar da ta fi yaudara. Abin da aka ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, sai dai duk wanda ya so zai iya ɗaukar hotonsa ya ajiye, abin da aka tura a zauren WhatsApp kuwa yana nan sai an goge. Tun ranar 14 ga Agustan 2020 da Bayern Munich ta ci Barcelona 8 da 2 a Lisbon hoton allon wannan sakamako yake yawo a wayoyi, ana fito da shi duk lokacin da aka ga dama. Idan hoton allo ne, babu laifi. Idan kuwa hoton abokinka ka ɗauka yana tagumi a gidan kallo, ka liƙa masa rubutu, to ka saki abin da ba za ka iya kamowa ba, magana kuwa zarar bunu ce. Zai kai ga matarsa da surukansa da ɗalibansa in malami ne, kuma zai kai musu ba tare da muryarka ba. Rubutu ba ya murmushi, shi ya sa kalma ɗaya da za ta wuce lafiya a teburin shayi take iya haddasa gabar wata guda a zaure. Haka kuma a zaure mutum ashirin suna iya taruwa a kan mutum ɗaya, ya rasa ta inda zai rama, ƙarshe ya fice cikin fushi. Wanda zai bi wannan hanya ya fifita saƙon murya na kai tsaye a kan rubutu a zaure, kuma kada ya kai tsokanar ƙwallo zauren dangi ko na masallaci ko na ƙungiyar manoma.

Wasan riga

Iri biyu ne, kuma sun sha bamban. Na farko shi ne a ƙulla sharaɗi kafin wasa cewa wanda aka ci zai sa rigar ƙungiyar abokinsa ya wuni da ita, wani lokaci ma a ranar kasuwa, kamar Juma'ar Wudil ko Alhamis ɗin Maigatari. Idan aron rigar aka yi babu kuɗi a ciki, amma tozarcin yana da yawa ga mai iyali, kuma daga sharaɗin riga ake zarcewa zuwa na kaza, daga nan zuwa na kuɗi. Da zarar kowane ɓangare ya ajiye abin da zai rasa idan an ci shi, an shiga caca, wadda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta. Ban ga abin da wannan nau'i yake bayarwa wanda jajen safe bai bayar ba.

Na biyu ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Kawu ɗan Madrid ya shiga Kano, ya biya Kantin Kwari ko wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ya sayo ƙaramar farar riga ya kawo wa ɗan ƙanwarsa, alhali uban yaron ɗan Barcelona ne na gani-kashe-ni. Yaro ya sa riga yana tsalle a tsakar gida, uban ya dawo ya tarar, ba shi da ikon cewa a cire, tun da kyautar kawu ce. Kuɗin ya fi na shayi, amma tsokanar tana nan muddin rigar tana shiga yaron, wanda ya amfana kuwa ɗan gidan ne. Uban ma yana da hanyar ramawa, domin kawun yana da nasa 'ya'yan. Sharaɗinta kawai shi ne a kasance akwai kusanci na jini ko na tsohuwar abota, domin baƙo ba ya yi wa ɗan wani irin wannan.

Zagayen gari da walima

Wannan ta ranar ɗaukar kofi ce, ba ta kowane mako ba. Magoya baya su yi karo-karo, a sayi akuya ko rago da shinkafa, a zuba wa babura mai, a zaga gari da tuta da hon. Ita ce mafi tsada, kuma kakar wasannin Turai tana ƙarewa ne a watan Mayu zuwa farkon Yuni, daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin iri da taki. Haɗarin zagayen a fili yake: goyon mutum uku ko huɗu a babur ɗaya, yara a kan hanya, da kuma tsayawa a ƙofar gidan wani ana ihu alhali iyayensa da iyalinsa suna ciki. Abin ya fi muni idan nasarar ta ƙungiyar gari ce a kan ta maƙwabtan ƙauye, domin a nan tsohuwar gabar iyakar gona ko ta neman aure tana iya tashi da sunan ƙwallo. Ko a manyan ƙungiyoyi an ga abin da rashin kamun kai yake jawowa: a 2022 an ci tarar Kano Pillars aka kuma rage mata maki saboda hargitsin da ya faru a wasanta da Katsina United, kuma a wannan kakar ce ƙungiyar da ta ɗauki gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na ƙasa.

Walimar ita kaɗai, ba tare da zagaye ba, abu ne mai kyau, in an sanar da mai unguwa, aka kuma gayyaci abokan adawa aka ba su tabarmar gaba da nama mai kyau. Suna ci ana tsokanarsu, suna ramawa da baki cike.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Damar ramawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Baki a gidan kallo | Kuɗin shiga | Dare ɗaya | Mafi sauƙi | Babba, saboda zafin kaye da baƙi | Akwai, amma cikin fushi |
| Jajen safe | Shayi da burodi | Dariyar tana daɗewa | Sai da sanin tarihi da haƙuri | Kaɗan | Cikakkiya |
| Waya | Data da caji | Ba ta goguwa | Sai da babbar waya da sabis | Babba ga mutunci | Kaɗan a zaure, da dama a saƙon kai tsaye |
| Sharaɗin riga | Babu, in aro ne | Wuni ɗaya, kunyar ta fi haka | Matsakaici | Tozarci da faɗawa caca | Sai wani wasan |
| Kyautar riga ga yaro | Kuɗin riga | Har rigar ta matse | Sai an shiga kasuwa | Kaɗan, tsakanin makusanta | Akwai |
| Zagaye da walima | Mafi tsada | Ana daɗewa ana labari | Sai da shiri da izini | Zagaye babba, walima kaɗan | A walima kawai |

Wacce ta dace da wa

Idan abokin wasan naka sa'anka ne, kun saba tun kuna makarantar allo, kuma kun zauna benci ɗaya, tsokanar gidan kallo ta wadatar, muddin ka jira aka tashi, ka kuma rage murya idan ka ga baƙin fuskoki. Idan yayanka ne, ko malaminka, ko wani da kake jin nauyinsa, kada ka ce masa komai a daren, ka bari sai da safe ka je masa jaje da ladabi, ka kuma biya kuɗin shayin. Idan surukinka ne ko uban yarinyar da kake nema, ka bari shi ya fara, in bai fara ba ka gaishe shi ka wuce. Wanda ke da saurin fushi, ko wanda kake zaton ya yi asarar kuɗi a wasan, a ƙyale shi kwana biyu, daga baya in an ga ya sake a taɓa shi a keɓe. Ɗan cirani a tura masa saƙon murya shi kaɗai, a haɗa da gaisuwar gida da labarin damina. Mai ɗan hali da ke son tsokanar da za ta shekara a gidan mijin ƙanwarsa ko amininsa ya sayi ƙaramar riga. Magoya bayan da suka ɗauki kofi kuma, idan lallai sai sun yi karo-karo, su bar baburan a gida, su sa kuɗin man a cikin na nama, su aika yaro gida-gida ya gayyato 'yan ɗaya ƙungiyar bayan la'asar.